Kawu da Lissafin Ko Kaka Ya Isa Makka

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Wannan kam kowa ya faɗa a ƙofar gidan Kawu da ke unguwar Gardole a Njamena, mai Hausa da mai Larabci da mai Fillanci. Amma da zarar mutum ya shafa fatiha ya gyara zama, sai ya ɗauko wani Kawun daban da wanda na kusa da shi ya sani, har na fara tunanin ko mutum uku muka kai makwanci a rami ɗaya.

Ina cikin gida tare da mata, amma katangar gajera ce, maganar maza tana shigo mana. Wani tsohon mahauci, abokin Kawu tun suna yara, ya ce, "Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Allah dai ya jarrabe shi da tambaya." Wani mai kwat da takalmi sau-ciki ya sauko daga motar ofis, ya zauna a kan tabarma yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana faɗa da Faransanci cewa duk abin da ya zama a ƙarƙashin bishiyar gidan nan ya same shi. Mahaucin ya dube shi ya ce, "To me ka zama?" Ba da izgili ya tambaya ba, so yake ya sani.

A wajenmu mata kuwa, wata maƙwabciya Balarabiya ta riƙe hannun matar Kawu ta yi mata ta'aziyya da Larabcinsu ta ce, "Kalawada, 'yar uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Ni dai na yafe masa albasa." Muka dubi juna. Ta ce ai shekara da shekaru tana cikin lissafinsa tana sayar da albasa, ɗalibansa in sun gan ta a hanya sai su tambaye ta buhu nawa ya ruɓe, alhali ita ko sau ɗaya ba ta taɓa kasa albasa ba. Matar Kawu ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, mu ma muka bi ta ba mu san wanne muke yi ba.

Duk wanda ya gama nasa labarin kuma sai ya waiwaya ya dubi kusurwar da ya kamata a ce babbar ya tana zaune, ya ga ba kowa, ya juyo gare ni. "Ina Yayarsa?" Yayarsa ita ce Inna, mahaifiyata. Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Tana nan unguwar Sabangali, tafiyar da ko tsohuwa za ta yi da ƙafa, lafiyarta ƙalau, an kuma kai mata labari tun kafin a wanke shi. Ba ta zo ba. Aka kai shi, aka dawo, aka kwana, ba ta zo ba. Ga addu'ar uku tana matsowa, in kuwa aka shafa ba ta wurin, maganar za ta bi mu har jikokinmu, ita kuma na san ba za ta ƙara samun barcin kirki ba. Na yi ta cewa mutane tana nan tafe, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya raba su lissafi ne a kan allo. Na sha faɗin haka, mutane su ɗauka lissafin dukiya nake nufi. A'a, lissafin makaranta ne, irin wanda ake ba ɗalibi ya gwada hannunsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don yaran gidanmu su san wane ne Kawu, ko da yake ni ma da na fi kowa zama a gabansa ban gama saninsa ba.

Kawu shi kaɗai ne a tsararsa a unguwarmu aka kai lakwal, wato makarantar boko, sauran duk fawa da kiwo suka bi. Ya yi aikin ƙididdiga a wani ofishi har ya yi ritaya, daga nan ya jingina baƙin allo a jikin darbejiyar tsakar gidansa, ɗalibai suka fara zuwa. Ba ya son lissafin littafi. Yana cewa, "Wa ya san mutanen nan na cikin littafi? Wa ya taɓa ganin jakarsu ta jajayen ƙwallaye da farare?" Sai ya ɗauko rayayyun mutane ya zuba a ciki: mahauci da ragunansa, maƙwabciya da albasar da ya ƙaga mata, Liman da sahun asuba. Ba ya neman izinin kowa.

Babban abin da ke ɗaure mana kai shi ne, ba ya taɓa cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure. Ka gama aikinka, ka yi gumi, ka ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, sai ya sauke tabarau ya ce, "Haka ka gani?" Ranar da na yi daidai haka ya ce. Ranar da na fitar da yiwuwar abu ta wuce ɗari bisa ɗari, wanda ko ɗan aji ɗaya ya san shirme ne, haka ya ce. Na taɓa fusata na ce, "Kawu, don Allah ka faɗa mini, e ko a'a!" Ya ce, "'Yar Yaya, ranar egzamen, ranar jarrabawa, ina zaune kusa da ke ne?" 'Yar Yaya yake kirana, bai taɓa kama sunana ba.

Wata rana ya tura mu gadar Ngueli, wadda ake tsallakawa daga Njamena zuwa garin Kusiri, mu huɗu, mu ƙirga masu shiga da masu fita, na ƙafa da na babur. Muka tafi da sanyin safiya don gudun rana, muka ƙirga, muka dawo da jadawali mai kyau har da zane. Kusan kowa Kusiri yake tsallakawa, masu shigowa 'yan kaɗan. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya kira matarsa. "Ki fara haɗa kaya. Bisa binciken malaman nan, kafin azumi ba sauran mutum a Njamena." Sai a lokacin muka tuna cewa 'yan kasuwa da safe suke tsallakawa, da yamma su dawo da kaya. Ya sa muka koma da la'asar, rana tana dukanmu, ƙurar babura tana shiga mana hanci. Da muka kawo sabon jadawalin ya ce, "Haka kuka gani?"

A shekarata ta farko a jami'a na faɗi istatistik, darasin ƙididdiga, faɗuwa mai ƙara. Saura mini dama guda, in na sake faɗi an sallame ni. Ban iya zuwa gida ba, na wuce Gardole na zauna a gindin darbejiya ina kuka. Kawu bai ce mini ki yi haƙuri ba, bai iya wannan ba. Ya ɗauki alli ya rubuta: wata yarinya ta yi jarrabawa sau ɗaya ta faɗi, daga gwaji ɗaya, me za a iya yankewa game da ƙwaƙwalwarta? Na share majina na ce ba komai, gwaji ɗaya ya yi kaɗan. Ya ce, "Haka kika gani?" Sai ya zuba shayi a ɗan kofinsa na gilashi, wanda ko matarsa ba ta sha da shi, ya miƙo mini. Na ci jarrabawar a zagaye na biyu, da ƙyar, amma na ci.

A waɗannan shekarun ne aka fara koya mana rubuta wa kwamfuta umarni, irin tsarin da ake gina komai a kan abubuwa masu zaman kansu, kowanne da halinsa da aikinsa. Na ɗauka nan kam na tsere wa Kawu. Ina! Ya hau babur ya tsallaka Kusiri, ya dawo da fotokofin wani littafi wanda shafukan tsakiyarsa suka ɓace, ya zauna da shi wata da watanni. Kawu bai taɓa mallakar kwamfuta ba, ko da ya mallaka ma ina wutar? Sai ya ce ba komai, yana da mutane.

Ya fara da tandar wainar matarsa. "Wannan ita ce klas," in ji shi. "Ana cin tanda?" Muka ce a'a. "To amma duk wainar da ta fito, siffarta ta ɗauko. Kowace waina ita ce obje. Tanda ɗaya, waina barkatai, wata ta ƙone wata ba ta ƙone ba." Matarsa ta ƙwace tandarta ta ce in ya gama wa'azi da ita tana da aiki.

Daga nan ya jera mu a tsakar gida. Kowa ya zama obje, ya rubuta lamba a 'yar takarda ya sa a aljihu. Doka ita ce ba ka sa hannu a aljihun wani. In kana son lambarsa sai ka yi masa sallama ka tambaya, shi ya ga dama ya faɗa maka. Matar Kawu ita ce fuskar kwamfutar, duk abin da ya fito ita za ta faɗa da ƙarfi, tana tankaɗe tana faɗa. Shi kuma yana karanta furogiram ɗinmu layi bayan layi, muna aikata abin da muka rubuta, ba abin da muke nufi ba. Wani abokin karatunmu, ƙato mai gemu, ya rubuta umarnin maimaitawa ya manta bai sa inda za a tsaya ba. Kawu ya ce ya fara zagaya darbejiya. Yana zagayawa aka kira la'asar, Kawu ya tafi masallaci, ya dawo ya same shi zaune. "Wa ya ce ka tsaya?" Ya ce, "Metir," haka muke ce wa malami, "jiri nake gani." Kawu ya ce, "Ordinatar," yana nufin kwamfuta, "ba ta ganin jiri. Tashi ka gyara, ko ka ci gaba." Masu wucewa suna leƙowa ta kan katanga, har aka fara raɗe-raɗin karatu ya taɓa shi.

Har yau ban san ko wasa yake da mu ba ko da gaske yake. Amma da na zauna gaban kwamfuta ta gaske, na tarar na riga na san halinta.

To, ga maganar Kaka. Mu jikokin mahajjatan ƙafa ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da matarsa da 'yarsa ƙarama, niyyarsu Makka, suka yada zango a nan tun garin ana ce masa Fort-Lamy. Matar ta yi nauyi, ba ta iya ci gaba, sai ya bar su a hannun 'yan uwa ya ce zai je ya dawo. Ya bi ayari ya yi gabas. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ba saƙo, ba wanda ya ce ya ga kabarinsa. 'Yar ita ce Inna, cikin kuma shi ne Kawu.

Inna tana tuna shi. Ta ce ita ta riƙe masa buta har bakin gari, ya ɗauke ta a kafaɗa, yana warin man shanu da hayaƙi. Tun da na yi wayo Alhaji take ce masa. Alhaji ya ce kaza, Alhaji ba ya son kaza. A wurinta ya isa, ya yi ɗawafi, ya rasu a can, an binne shi a ƙasa mai tsarki. Ba ta taɓa faɗin wanda ya ba ta labarin ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Kawu kuwa "mahaifinmu" yake cewa, ya tsaya nan. Ya daɗe yana bin tsofaffin da suka je da ƙafa suka dawo, yana tambayarsu: ku nawa kuka tashi, ku nawa kuka isa, ina aka fi mutuwa, ina aka fi tsayawa a yi noma a yi aure a manta da hanya. Wani lokaci ya dawo da fara'a, wani lokaci ya dawo ya ƙi cin tuwo.

Wata ranar bayan babbar salla, Inna ta zo Gardole da kwanon soyayyen nama ta kawo wa ƙanenta, kamar yadda take yi kowace shekara. Muna zaune gaban allo. Ta ajiye kwanon, ta tsokane shi kamar kullum, "Auta, yau kuma wa ka saka? Mai albasa ko Liman?" Ya nuna mata allon da alli. Inna ba ta karatun boko, sai ta dube ni ta ce in karanta mata. Na dubi Kawu, ya ɗaga kai alamar in karanta. Na juya mata shi da Hausa: wani mutum ya bar Fort-Lamy da ƙafa ya nufi Makka, ya bar mata da ciki da 'ya ƙarama, bisa abin da waɗanda suka dawo suka faɗa, mene ne yiwuwar ya isa, kuma me ya sa maganar waɗanda suka dawo kaɗai ba za ta wadatar ba?

Inna ta ce, "Ubana ka sa a allo?"

Ya ce, "Ubanmu, Yaya."

"Ubanmu? Kai ka san shi? Ka taɓa ganin fuskarsa?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa nake tambaya."

"Ka tara 'ya'yan mutane su yi ƙuri'a a kan Alhaji, kamar ragon kasuwa!"

"Yaya, ban ce bai isa ba. Cewa na yi ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta ɓata komai. Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Ranar da bakinka ya iya cewa Alhaji, ka san hanyar Sabangali." Ta fita ta bar kwanon. Kawu ya tsaya da alli a hannu, can ya juyo gare mu ya ce, "Ina jiran amsa." Ba wanda ya ɗaga biro.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ya ɗauki shekaru. Liman ya je, dattawan unguwa suka je, aka tuna mata hukuncin gaba. Ta ce ita ba ta gaba da kowa, in ya yi sallama tana amsawa. Haka ne kuwa: Kawu yakan je Sabangali ranar Juma'a, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ta amsa daga ciki, ya tambayi lafiya, ta ce lafiya, ya juya. Na roƙe shi, "Kawu, kalma ɗaya ce fa. Ka faɗa mana, me zai ragu a jikinka?" Ya ce, "In na faɗa don ta ji daɗi, ta san ƙarya nake. Yayata ba wawuya ba ce." Na koma wajen Inna na ce ai bai musa ba, bai dai tabbatar ba ne. Ta ce, "Ke ma ya koya miki ke nan." Na zama 'yar aike tsakanin duwatsu biyu, kowanne in na zauna a gabansa sai in ga shi ne mai gaskiya.

Ana cikin haka aka ba mu aiki a jami'a: mu gina klas na matafiyi, da sunansa, da inda ya taso, da inda ya nufa, da gurbi ɗaya na ko ya isa, e ko a'a. Na gwada shi a tsakar gidan Kawu tukuna. Ya ce in saka mahaifinsu, amma gurbin isa in bar shi ba komai. Shi da kansa ya zama objen, ya sa farar takarda a aljihu. Da aka tambaye shi, ya ciro ta ya nuna wa matarsa, ta duba gaba da baya ta ce, "Ba a rubuta komai ba." Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Kin gani? Ga abu mai hankali. Abin da bai sani ba, ba ya faɗa."

Da layi ya zo kaina a ɗakin kwamfutocin jami'a, na buga shi yadda yake. Na danna. Kwamfutar ta rubuta sunan Kaka, ta rubuta Fort-Lamy, ta rubuta Makka, a gurbin isa kuma ta rubuta a'a. Na ɗauka kuskurena ne, na sake, ta sake. Malaminmu ya leƙo ya ce haka take, irin wannan gurbin in ba ka ba shi komai ba, a'a yake ɗauka. Wannan bayanin yana cikin shafukan da suka ɓace a littafin Kawu.

Na yi niyyar ɓoye masa, amma ya tare ni tun daga ƙofa. Na faɗa masa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Wa ya gaya mata?" Na ce ba kowa. Ya miƙe tsaye. "Ba kowa, kuma ta ce bai isa ba? Tana wurin? Ta bi ayarin? Da wane bakin!" Yana faɗa, jijiyar wuyansa ta tashi, sai na ga Inna ce tsaye a gabana da gemu. Ya sa na sake gina gurbin ya zama mai ɗaukar amsa uku, e da a'a da ba a sani ba. Na yi, aka rage mini maki don ba haka aka tambaya ba.

Da gudu na kai wa Inna labarin, ina ganin na samo maganin rigimar. Na ce, "Inna, yau Kawu ya yi faɗa da kwamfuta saboda Alhaji." Ta saurara har ƙarshe, ta ma sa na maimaita inda ya ce da wane bakin. Na ga gefen bakinta ya motsa. Sannan ta ce, "Da aka gyara, me ta ce?" Na ce ta ce ba a sani ba. Ta ci gaba da tsinar shinkafarta.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum da safe Inna takan dama kunun gyaɗa ta ba ni in kai, ba saƙo. Yakan shanye tas, ko ranar da ba ya iya haɗiye komai, sannan ya ce, "Ta ce wani abu?" In ce a'a. Ya ce, "Sukarin ya yi yawa, ki gaya mata." In gaya mata, gobe ta ƙara. A haka ya cika, wata safiya, kofin kunun bai ko huce ba.

Ana gobe addu'ar uku na kasa jurewa. Na bar matar Kawu da masu gaisuwa na hau babur zuwa Sabangali, raina a ɓace, na shirya maganganun da 'ya ba ta gaya wa uwa. Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tasbaha, ta rame a kwana biyun nan kamar ta yi jinyar wata. Na durƙusa na ce, "Inna, mutum ya mutu. Fushin ya isa haka. Kowa ni yake tambaya, na rasa abin faɗa."

Ta ce, "Fushi kika ɗauka?"

Na ce, "To mene ne?"

Ta ja tasbaharta. Can ta ce, "In na je zan ga tabarmi a ƙofa, in ga ɗakinsa ba kowa. In ina nan ban ga komai ba. Juma'a na iya yi in ji sallama."

Duk maganganun da na ɗauko suka zube. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ana jin masu wanki suna dawowa daga bakin kogi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Lissafin nan na allo. Me ya fito?"

Na ce, "Ba mu yi ba, Inna. Ba wanda ya yi. Shi ma bai taɓa faɗa ba."

"Ke da kika yi karatun, in kika yi yanzu, zai fito?"

Na ce zai ba da lamba, amma lambar ta ayari ce, ba ta mutum ɗaya ba. Ba za ta gaya mana abin da ya sami Kaka ba.

Ta gyaɗa kai a hankali. "To Auta duk wahalar me ya sha?" Ta juya tasbahar sau biyu, sai ta ce, "Yanzu ai ya sani." Ta ajiye tasbahar. "Ni na riƙe butar. Ni na raka shi bakin gari, ni na yi ta jira. Shi da bai taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya riga ni." Ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, tana kiran Auta, Auta, na rungume ta ina nawa.

Da ta nutsu ta ce in ɗauko mata mayafi. Ta ƙi hawa babur, muka taka da ƙafa har Gardole. Da muka shawo kwanar layin ta hango tabarmin da mazan da ke zaune, ta tsaya cak, ta damƙe hannuna har na ji zafi. Mahaucin nan ya fara ganinta, ya miƙe, sauran suka miƙe suka buɗe hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda baƙo ke tsayawa, ta ɗaga murya ta yi sallama. Daga ciki matar Kawu ta amsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa tambayoyinsa sun ƙare a inda ake samun amsa. Allah ya jiƙan mahaifinsu a duk inda ƙasa ta rufe shi.